Surukina Mai Ƙarfen Ƙofar Kaura

Surukina, mahaifin maiɗakina, ya rasu ranar wata Talata da hantsi, aka yi masa salla a ƙofar gidansa da ke Ƙofar Kaura bayan azahar. Na Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan. An naɗe tabarmi, 'yan uwa na ƙauye sun koma, ni ma na koma wurin aiki. Abin da ya rage mini shi ne maganganun da na ji a zaman makoki, domin na lura kusan kowa da irin mutumin da ya zo yi wa ta'aziyya.

Limamin unguwa ya ce mutum ne da ba a rasa shi a sahun farko, ko bayan da gwiwa ta tilasta masa yin salla a kan kujera. Maƙwabta kuwa mai walda suka tuna da shi, suka ce ƙofofin rabin gidajen layin shi ya haɗa su, kuma har yau babu wadda ta ɓalle. Dattawan da suka zo daga ƙauyensu ɗan dako suka sani, saurayin da ya shigo birni da riga ɗaya yana sauke buhunan hatsi daga mota.

Sai kuma wasu masu ɗaga ƙarfe kamar talatin da suka zauna gefe guda a inuwar dalbejiya, masu kaurin wuya, wasunsu har da furfura. Akwai 'yan acaɓa, akwai birkiloli, akwai tsohon ɗan sanda da wani ma'aikacin asibiti. Su suka ɗauki makara a kafaɗa har maƙabarta, ba su yarda an sa ta a mota ba. Wani mahauci a cikinsu, wanda ya fi kowa daɗewa tare da marigayin, ya yi kuka har sai da aka janye shi bayan gida.

Ƙanen marigayin, wanda muke kira Baffa, malamin Islamiyya ne, kuma bai taɓa ganin hikimar babban mutum ya ɗaga ƙarfe ya ajiye ya sake ɗagawa ba. Ya karkato wajena ya ce, “Waɗancan fa?”

Na ce, “Ɗaliban Baba ne.”

“Ɗalibai,” ya maimaita, yana kallonsu. Ya san su sarai, shekara da shekaru yana ratsa su a zauren yayansa. Amma ranar sadakar uku na ga ya tashi da kansa ya kai musu tiren abinci, ya zauna a cikinsu, yana sauraron wani ɗan acaɓa da ke cewa shekara tara yana kan babur daga safe zuwa magariba, bayansa bai taɓa kwantar da shi ba, kuma marigayi ne sanadi.

A cikin gida surukata ba ta yi dogon zance ba. Da na shiga gaishe ta sai ta ce, “Allah ya yafe masa. Shekara arba'in yana cika mini zaure da tsatsa.” Ta ja mayafi ta rufe fuska, ni kuma na tashi na fita.

Maiɗakina ce ta sa ni wannan rubutu. Ta ce 'ya'yanmu ba su san kakansu ba sai a matsayin tsoho mai sanda, kuma nan da 'yan shekaru shi ke nan abin da za a tuna. Ta ce, “Ni na san shi a cikin gida. Kai ka san shi a zaure. Rubuta naka.”

Gajere ne, mai faɗin baya, hannuwansa cike da tabon tartsatsin walda. In ka gan shi daga baya a zaune za ka ɗauka ƙato ne, sai ya miƙe ka ga ƙafafunsa ba su kai jikinsa ba, ta hagu kuma ba ta lanƙwasuwa sosai. Ba mai yawan dariya ba ne. Goro yake ci, fari, kuma ba ya ba kowa sai wanda ya ga ya yi aiki mai kyau a ranar. Mukan gane matsayinmu a wurinsa ta hanyar ɓallen goro.

Zauren gidansa babba ne, yana da ƙofa ta biyu da ke fita wani ɗan fili mai katanga. A nan ƙarafan suke. Da hannunsa ya ƙera komai: sandunan daga ƙarfen tsofaffin motoci, faya-fayan nauyin daga injunan da suka mutu, wasu kuma siminti ne da ya zuba a gwangwanayen fenti. Mun daɗe ba mu san nauyinsu a kilo ba, sai da mahaucin nan ya zo da sikelinsa wata rana muka auna, muka rubuta da fenti. Baba ya tsaya yana kallonmu, ya ce lambar ba za ta rage musu nauyi ba. Ana buɗe wurin bayan sallar asuba zuwa fitowar rana, sannan bayan la'asar zuwa kiran magariba. Da an kira salla, ko kana tsakiyar ɗagawa, ajiyewa za ka yi.

Abu biyu ya ɗauka da muhimmanci. Na farko tsuguno, wato ka aza sanda mai nauyi a kafaɗa ka tsuguna har ƙasa ka miƙe. Na biyu shi yake kira cira, wato ka ɗauko sandar daga ƙasa ka miƙe da ita tsaye. Wasan ƙirji da na damtse, waɗanda samari suka fi so, yana barin a yi su a ƙarshe, kuma ba ya ko kallo.

Duk baƙon da ya zo, ba ya tambayarsa komai. Jarka ce cike da ruwa a bakin ƙofa, sai ya ce, “Miƙo mini waccan.” Daga yadda mutum ya sunkuya ya ɗauko ta ya gama karanta shi. A wurinsa masu ɗaga ƙarfe iri biyu ne, masu baya da masu ƙafa. Masu baya su ne 'yan dako da manoma da leburori, waɗanda suka saba ɗaukar komai da ƙugu. In suka tsuguna da nauyi, ɗuwawunsu ke riga tashi, ƙirji ya faɗa gaba, tsugunon ya koma ruku'u, cinyoyi suna hutawa baya yana aiki. Masu ƙafa kuwa su ne 'yan ƙwallo da masu tuƙa keke, cinya kamar turmi, amma da nauyi ya hau sai ka ga gadon bayansu ya lanƙwashe.

Kowane da maganinsa. Mai baya zai sa shi ya riƙe sanda a gaban ƙirji ya tsuguna, ya tsaya a ƙasa har sai Baba ya ce tashi, ko ya hau dakali da nauyi ƙafa ɗaya bayan ɗaya, cira kuma sau ɗaya tak a mako. Mai ƙafa zai rage masa tsuguno, ya ba shi sanda mara nauyi ya riƙa sunkuyawa da ita baya a miƙe, ko ya kifa shi a kan benci ya riƙa ɗago jikinsa daga ƙugu. Ba ya taɓa bari a yi babban tsuguno da babbar cira rana ɗaya. Yakan ce, “Cinya kwana biyu ta huce. Ƙugu sai ya yi mako, kuma ba ya hwaɗa maka ya gaji.” Wani abin da yake yawan faɗa shi ne, “Ba wanda ya hi ƙarhi a jikinka nike kallo ba, wanda ya hi rauni nike kallo, don shi ne zai kashe ka.” Mun ji wannan har mun gaji da ji.

Na zo wurinsa ina da shekara ashirin da huɗu, ban daɗe da fara koyarwa a wata makarantar sakandare ba. Tun ina yaro nake buga ƙwallo. Na ɗauko jarkar, ya ce, “Mai ƙahwa ne. Bayan nan kuwa kamar na kaza.” A lokacin Malam nake ce masa kamar kowa.

Cikin shekara ɗaya na wuce kusan duk sa'o'ina a tsuguno. Sunkuyon da yake sa ni kuwa ina yi ne don ganin ido, in ya juya baya in tsallake rabi. Ya sani. Goro ne dai ban taɓa samu ba.

A shekarar ce aka shirya wata 'yar gasa tsakanin gidajen ɗaga ƙarfe na cikin gari, na sa rai ni zan wakilci zaurenmu a tsuguno. Wata ranar Asabar da yamma, wurin cike da mutane, na loda wa sanda nauyin da ban taɓa gwadawa ba. Na shiga ƙarƙashinta ke nan sai ya taso da ɗingishinsa, ya zare faifai ɗaya daga dama, ya zagaya ya zare na hagu, ya jingine su a bango.

Na ce, “Malam, ƙafata za ta iya.”

Ya ce, “Ƙahwarka za ta iya. Wa zai riƙe mata sandar? Ba za ka shiga gasar ga ba. Ka ba ni wata shida na baya, sannan mu yi magana.”

Wasu suka yi dariya. Dariyar ce ta ɗebe ni. Na ce, a gaban kowa, “Mutumin da gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, me ya sani game da tsuguno?”

Mahaucin ya yunƙuro kaina, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya dube ni ya ce, “Ɗauki takalmanka.” Iyakar abin da ya ce ke nan. Na ɗauka na fita.

Ya kamata in faɗi cewa a wannan lokacin na riga na fara magana da 'yarsa ta biyu, wadda ke karatun aikin jinya. Mun fahimci juna, ta gaya wa mahaifiyarta, ana jiran in turo manya. Washegarin abin ta aiko mini da saƙo gajere, ta ce ta ji abin da na faɗa wa mahaifinta, kada in sake kiranta sai na san abin da zan yi da bakina. Girman kai ya hana ni komawa. Na yi rajista a wani sabon gidan motsa jiki a Kambarawa, mai madubai da fanka da injin da ake kwanciya a tura nauyi da ƙafa. Injin nan ya yi mini daɗi, domin ba ya tambayar baya komai. Cinyoyina suka ƙara cika, kowa yana yabo.

Wata huɗu da barina zauren, aka yi gardamar cira da wasu samari, na ce zan nuna musu. Na kama sanda, ƙafafuna suka tura ƙasa da duk ƙarfinsu, sandar ta taso har kusa da gwiwa, sai na ji wani abu a ƙuguna kamar an tsinka igiya. Ban faɗi ba. Na ajiye, na zauna, na kasa tashi. A bayan a-daidaita-sahu aka kwantar da ni aka kai ni gidanmu a Ƙofar Marusa.

Kwana goma ina kwance a ɗakin mahaifiyata. Ciwon yana sauka ta bayan cinyar dama har yatsu. Salla a kwance nake yi, bayan gida sai an riƙe ni. Daga makaranta aka fara aiko tambaya, domin ban cika shekara biyu a aiki ba. Mahaifiyata ta kira wanzami ya yi mini ƙaho, wata maƙwabciya kuma ta kawo sunan wani mai ɗori da ake cewa yana taka baya ya gyaru. An sa ranar zuwansa Alhamis.

Ranar Laraba da hantsi aka yi sallama, aka ce wani dattijo ne mai walda, ashe Malam ne ya ji labari. Ya shigo, ya gaisa da mahaifiyata gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da gajiya da mai jiki, sannan ya zauna a kan kujera 'yar tsuguno ya miƙe ƙafar hagu. Na fara cewa, “Malam, ni dai abin da na faɗa...” Ya katse ni.

“Ɗaga babban ɗan yatsan ƙahwarka ta dama. Tura hannuna. Hitsari yana hita daidai?”

Na ce yana fita. Ya juya wajen mahaifiyata ya ce, “Hajiya, don Allah kada kowa ya taka bayan ga. Asibiti za a kai shi a ɗauki hoto. Ni walda na iya, ban iya ganin cikin mutum ba, mai ɗorin ma bai iya ba.” Shi ya nemo mota, shi ya zauna a benci har aka gama. Likita ya ce faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu ne ya turo, amma bai kai ga aiki ba, ya rubuta magani, ya tura ni wurin masu gashin ƙashi.

A hanyar dawowa, ina kwance a kujerar baya, shi yana gaba kusa da direba, ya ba da labarin gwiwarsa ba tare da ya waiwayo ba. Ya ce lokacin da yake dako babu buhun da ya gagare shi. Wani tsohon soja ne ya fara nuna masa ƙarfe, ya kuma yi ta gaya masa ƙafafunsa ba su kai bayansa ba, shi kuwa yana ganin hassada ce. Wata rana a gaban jama'a ya aza nauyin da yake cira daga ƙasa a kafaɗa, ya tsuguna, ƙafafu suka ƙi tashi. Ya yi ƙoƙarin murɗawa ya taso da baya kamar yadda ya saba, gwiwar hagu ta juya. Dako ya ƙare daga ranar, shi ya sa ya koyi walda.

Ya ce, “Ka tambaye ni mi na sani game da tsuguno. To abin da na sani ke nan.” Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, ni ma sau ɗaya na ƙara neman gafara, ya ce in bar shi ya ji da aikinsa.

Bayan wata biyu, da masu gashi suka ce zan iya fara motsi, na koma zaure. Sandar gora ya miƙo mini, irin ta makiyaya. Da ita na yi wata guda ina sunkuyawa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, baya a miƙe, shi yana zaune da wata sandar yana taɓa ƙuguna duk lokacin da ya lanƙwashe. Daga nan sandar ƙarfe babu faifai. Daga nan cira daga kan bulo, don kada in kai ƙasa. Waɗanda na fi ƙarfi a da suna loda nauyi a gefena, ni ina wasa da gora. Shekara guda cur bai bar ni na tsuguna da abin kirki ba. Ranar da na ciro daga ƙasa nauyin da ya yi daidai da wanda nake tsugunawa da shi a da, bayana bai motsa ba, ya ɓalli goro ya miƙo mini. Ban taɓa komawa nauyin da na so ɗagawa ranar rigimarmu ba, kuma har yau in na daɗe a zaune ƙuguna yana tuna mini.

Sai bayan komawata zaure 'yar tasa ta yarda muka shirya. Da baffannina suka je neman aurenta, an ce ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, “Yaron bakinsa ya hi bayansa ƙarhi. Bayan dai mun gyara. In ita ta ce ta ji ta gani, na ba shi.” Ta ce ta ji ta gani.

Auren ya kawo wani abu da ban yi tsammani ba. Daga ranar da aka ɗaura, Malam ya zama Baba, kunya ta shiga tsakaninmu. Ba na cin abinci a gabansa, ba na zama tabarma ɗaya da shi, shi kuma ya daina kiran sunana, ya daina yi mini gyara kai tsaye. Na yi niyyar barin zauren gaba ɗaya, domin ba tsari ba ne suruki ya tuɓe riga yana nishi a gaban surukinsa. Ya aiko maiɗakina ta gaya mini bai sallame ni ba. Sai muka samu wata hanya. In ina ɗagawa ya ga kuskure, mahaucin yake yi wa faɗa. Mahauci yana zaune yana shan ruwa, sai ka ji Baba ya ce, “Kai, sandar ta yi nisa da ƙwaurinka, jawo ta jikinka.” Mahauci ya ce, “To, Malam,” ni kuma in jawo sanda. Shekara goma sha tara muna haka. Sababbin zuwa sukan ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi.

Ba zan ce ba shi da laifi ba, shi ma ba zai so in ce haka ba. Yana da taurin kai da kaifin harshe. Ya daɗe yana hana ɗaura bel a ƙugu, yana cewa ragwanci ne, sai da ma'aikacin asibitin nan ya yi shekaru yana yi masa bayani kafin ya yarda a ɗaura a babban nauyi kawai, kuma bai taɓa cewa da can ya yi kuskure ba. Gwiwarsa ya ƙi kai ta asibiti, shi da ya kai ni. Abin da ya fi nauyi shi ne tsakaninsa da babban ɗansa, yayan maiɗakina. Shi wasan ƙirji da damtse yake so, ya tsani tsuguno. Wata rana uban ya ce masa a gaban mutane ya yi kama da tulu a kan tsinke. Ɗan bai sake taka filin ba. Daga baya ya koma Kaduna da sana'arsa, yana zuwa da salla, su gaisa, shi ke nan. Baba ya iya jiran gadon bayan wani ya warke har shekara guda, amma bai iya furta kalma ɗaya mai taushi ga ɗansa ba. Na taɓa ganinsa yana goge wata ƙaramar sanda da ya ƙera wa ɗan tun yana saurayi, ya shafa mata mai ya mayar da ita bayan ƙofa. Da ɗan ya iso ranar rasuwar, an riga an dawo daga maƙabarta. Ya shiga filin shi kaɗai ya daɗe, ban san abin da ya yi a ciki ba, ban kuma tambaya ba.

Shekaru uku na ƙarshe walda ta gagare shi, ido ya yi rauni. Amma kullum da la'asar sai an fito masa da kujera. Ba ya ganin fuska sosai, sai dai yana jin ƙarar ajiye sanda ya ce wane ne, kuma ya gaji ko bai gaji ba. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi a watannin nan, mahaucin ya karɓi buɗe wurin da rufewa.

Kwana shida kafin rasuwarsa na biya gidan da rana daga makaranta. Niyyata in gaishe shi daga bakin ƙofa kamar yadda na saba. Na tarar da surukata da maiɗakina suna fama, ya zame daga kan katifa zuwa ƙasa, suna so su mayar da shi kan kujera a gyara shimfiɗa, sun kasa. Babu wani namiji a gidan. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin nauyin shiga. Surukata ta ce, “Shigo mana, yau ba ranar kunya ba ce.”

Na cire takalmi na shiga. Rabon da in taɓa jikinsa tun kafin aure. Na sunkuya zan sa hannu a hammatarsa, sai ya buɗe ido ya kira sunana, sunan da rabon da in ji shi a bakinsa shekara goma sha tara.

Ya ce, “Ba haka ba. Matso. Raba ƙahwa. Sauka da gwiwa, ka manna ni a ƙirjinka. Ja numfashi ka riƙe. To, tashi.”

Na tashi da shi. Bai kai nauyin sanda da faifai biyu ba. Na zaunar da shi a kujera, na gyara masa ƙafar hagu. Hannunsa yana bayana tun da na ɗago shi, a daidai ƙugu, kuma bai cire ba sai da ya zauna sosai. Ya ɗan yi haki, sannan ya juya wajen 'yarsa.

Ya ce, “Gadon bayan mijinki ya zamna daidai. Ba sai an ƙara gaya masa komi ba.”

Daga nan ya ce a ba shi ruwa. Na fita na sa takalmina, na koma makaranta, domin ina da aji bayan azahar.

Allah ya gafarta masa kaifin harshensa, ya saka masa da alherin bayan bayin Allah da ya tsare, ya yalwata masa makwanci, ya ba surukata da 'ya'yansa haƙuri. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen.